Kujerar da Ke Kan Injin

Shekarar da motar Baba ta fara zafi, Inna ce ma'aunin zafinta. Farar bas ce tsohuwa, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba, don haka duk wanda ya zauna gefen direba a kan injin yake zaune. Baba ya ce allurar da ke nuna zafi ta mutu, har ya manna mata baƙin salatif don kada ta riƙa yi wa mutane ƙarya. Daga nan ya naɗa Inna a madadinta. Kullum da safe za ta yafa mayafinta, ta hau kujerar nan ta gyara zama, ta shiga ba da rahoto.

Matakai uku gare ta. Idan ta ce, "Malam, ruwan alwala ne," to komai lafiya, a ci gaba da tafiya. Idan ta ce, "Ya zama kunu," sai Baba ya ɗaga ƙafa daga totur. Na ukun kuwa ba shi da ado, cewa take yi, "Sauke ni." A nan ne za a gangara gefen titi, ta fito tana fifita bayanta da gefen mayafi, Baba ya ɗaga kujera, tururi ya turnuƙe, a tsaya jiran injin ya huce kafin a ɗura masa ruwa daga jarka. A tsakanin waɗannan rahotanni kuma bakinta ba ya hutawa. "Ga rami nan. Mai Keke a hagunka. Akuya, Malam, akuya." Na ɗauka mitar tsufa ce kawai, don tun muna yara Inna ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

Baba ba ƙaramin mutum ba ne a harkar injin. Fita ne, watau mai ɗaura injuna, a reluwe tun yana saurayi, da ya bar can ya buɗe gareji a Sabon Gari, ya shekara da shekaru a ciki. Rabin kanikawan unguwar a hannunsa suka koyi riƙe sifana, sauran rabin kuma a hannun waɗanda ya koya wa. Da gwiwoyinsa suka gaji da kwanciya a ƙarƙashin mota, ya bar wa yaransa garejin, ya sayi bas ɗin nan yana ɗauko ƙwai daga gidajen kaji na bayan Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari. Ni ce 'yarsa ta fari. A cikin bas ɗin ya koya mini tuƙi, da tsawa da komai, kuma a wurinsa na gaji saurin fushi. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Samaru, watau a bakin hanyar da yake bi kullum.

Ga abin da ya dame ni. Tun da mota ta fara zafi, Baba ya koma tafiya kamar mai rakiyar amarya. Ya ce idan ya bi ta a hankali ba ta fushi, idan ya taka ne take tafasa. 'Yan Keke Napep su wuce shi, masu kekuna su wuce shi. Na taɓa gani da idona wani mai tura baro ya gaishe shi a Palladan, ya wuce, ya sauke kayansa, ya sake gaishe shi a hanyar dawowa. Ɗalibaina kuwa sun samu abin yi. Wata rana ina shiga aji wata mai bakin tsiya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mun ga Baba ya taso daga Kwangila, in sha Allahu next week zai iso." Na hukunta ta, amma da na koma ofis sai da na yi dariya, sannan na ji kamar in yi kuka. Kunya nake ji, kuma ina jin haushin yadda ake dafa mini uwa kullum a kan kujera.

Ni da ƙanena da ke aiki a Kaduna muka haɗa baki. Wata Juma'a bayan la'asar na kira shi na ajiye waya a tsakar gida, na buɗe murya yadda kowa zai ji, muka gaya wa Baba cewa lokaci ya yi da za a sayar da motar nan ya huta. Ƙanena ya bi ta lallashi, ni kuwa na yi ta faɗa kamar zan ari baki. Baba ya bari muka gama, sannan ya ce a ba shi zuwa Babbar Sallah. Idan mota ba ta daina zafi ba, a sayar, ba zai ce uffan ba. Idan kuwa ta warke, kada wanda ya sake yi masa maganar sayarwa har ya koma ga Allah. Muka amince, Inna ce shaida. Sati bakwai ya rage a lokacin. Duk mun san ba ƙarfe kawai muke magana a kai ba, domin Baba bai taɓa wayar gari ba tare da wurin zuwa ba.

Don kada a ce na yi masa mugunta, na ɗauki alkawarin kowace Asabar zan raka shi gareji da kaina. Ni ce ma nake tuƙawa a ranakun, Baba a kujerar baya, Inna a kan aikinta. Ni kuma ban iya tafiyar rakiyar amarya ba, don haka kafin mu kai Hanwa ta ce kunu, kafin Kwangila ta ce a sauke ta.

Duk garejin da muka shiga abu ɗaya ke faruwa. Mai garejin zai ajiye abin da ke hannunsa, ya goge hannu a wando, ya durƙusa ya gaida Baba. A kawo benci, a aika a sayo lemo. Sai Baba ya zauna, ya dogara da sandarsa, ya faɗi maganar da na haddace: "Ku duba ko'ina, ban da fanka. Ni na ɗaura ta da hannuna." Asalin fankar motar ce ta karye fukafukai biyu wata uku kafin nan, ya sayo ta lantarki ta hannu, ya ɗaura a gaban lagireto, tankin nan mai raga da ke sanyaya ruwan injin. Da zarar ya faɗi haka sai kowa ya ce, "Ai Baba, wa zai taɓa aikinka," a kama neman laifi a wani wurin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne motar ba ta taɓa yin zafi a gareji ba. A tayar da ita a tsaye, ta yi awa guda tana kaɗawa, Inna na zaune a kai tana cin gyaɗa tana cewa ruwan alwala. Sai bakanike ya dube ni ya ce, "Anti, ai lafiyarta lau." In ce masa ya shigo mu hau titi. Mu hau titi, in taka, minti goma ya fito yana tsalle yana riƙe da wando.

Na farko ya ce tamostat ne, wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin kwalba da ke tare ruwa har injin ya ɗumama. Ya ce wannan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu da muke soya ƙwai a kan bonet me za mu yi da shi. Ya cire ya miƙa mini a leda kamar haƙorin da aka fitar, har yau yana cikin durowata. Muka hau titi, ta tafasa a daidai inda ta saba. Na biyu ya sauke lagireton ɗungurungum, ya jiƙa shi da garin sabulu, ya yi ta hura masa ruwa da tiyo har ya fitar da laka cikin kwano da wani abu da ya rantse tsohon ƙadangare ne. Ya canja murfi, ya canja tiyo na sama da na ƙasa. Ta tafasa. Na uku ya canja famfon ruwa, ya kwance kan injin ya sa sabon gaskit, ya ce idan ta sake zafi a canja masa suna. Ban san sunan da yake amsawa yanzu ba.

Har wurin mai sayar da kayan gyara na je ni kaɗai, wani mutumin kudu da ya tsufa a Sabon Gari, na tambaye shi ko fankar da ya sayar wa Baba tana da matsala. Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya ce, "Madam, na Oga fix am. E no fit wrong." Watau aikin Baba ba ya kuskure. Sannan ya juya Hausa ya tambaye ni lafiyar yara.

Daga sati na huɗu ilimin makaranta ya ƙare, aka shiga na kicin. Wani ya ce akwai ƙaramar ɓula a lagireto da ido ba ya gani, maganinta ɗanyen ƙwai. Idan aka fasa a ciki, zai bi ruwa ya je bakin ɓular ya dahu ya toshe ta. Ƙwai kuwa ba ma nemansa, kiret talatin ne a baya. Aka fasa ɗaya, mutumin ya ce injin babba ne, aka ƙara biyu. Washegari wani ya ce ƙwai ba ya kamawa sai da garin kuka, saboda yauƙi. Wani direban tasha da ke wucewa, wanda ba a ko tambaye shi ba, ya ce a garinsu barkono ake zubawa. Baba na zaune a benci yana gyaɗa kai, mutumin da a da idan yaro ya zuba ruwan kwata a lagireto sai ya bi shi da bel. Na dube shi na ce, "Baba, kai ma ka yarda da wannan?" Ya ce, "A gwada, 'yar nan, ba a raina shawara."

Ranar da aka haɗa ukun muka tafasa a gaban wani masallaci a Hanwa ana fitowa daga azahar. Da Baba ya ɗaga kujera, ƙamshin da ya tashi sai da ya sa mutane suka waiwayo. Wani dattijo ya matso ya leƙa, ya ce, "Hajiya, daddawa ce kawai babu." Inna ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta shaƙa, ta ce masa ai ko gishiri bai ji ba. Ni kuwa na koma bayan mota na zauna a kan bamba, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don akwai iyayen ɗalibaina biyu a cikin masu kallon.

A sati na biyar ne wani bakanike mai tunani ya lura cewa duk lokacin da aka yi ribas da motar sai ta huce. Muka tafi wani filin ƙwallo a bayan Samaru don a tabbatar. Na yi rabin awa ina zagaya filin nan da baya, wuyana a murɗe, masu tsaron gida sun bar raga suna kallo, Inna na cewa, "Ruwan alwala. Kai, wannan ma ruwan randa ne." Da na tsaya, bakaniken ya share gumi ya ce to an gano maganin, saura a san yadda za a yi da 'yan sanda. Na tambaye shi ko yana nufin mahaifina ya riƙa zuwa Sabon Gari da baya. Ya ce shi dai bai ce ba, amma ƙwai bai san gaba da baya ba.

Wallahi a lokacin ya kamata in gane. Ina koyar da yara yadda iska ke tafiya, ina zana musu kibiya a allo, amma kaina ya toshe, saboda ni ma a gidan Baba na tashi. Tun ina rarrafe na san cewa abin da ya ɗaura ya ɗauru. Bai taɓa duba aikinsa sau biyu ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya duba masa ba.

Mayafina ne ya tona asirin. Saura kwana tara Sallah, na je gida da hantsi na tarar an tayar da mota a ƙofar gida tana ɗumama. Na tsaya a gabanta ina amsa waya, sai na ji mayafina yana tashi yana yin baya, iska mai ɗumi na bugun ƙafafuna. Na kashe wayar. Na tsinci wata leda a ƙasa na saka a gaban ragar motar, ta yi sama ta tafi gidan maƙwabta. Motar maƙwabcinmu na tsaye a gefe, na roƙe shi ya tayar har fankarsa ta kama, na sa wata ledar, ta manne a raga ta ƙi faɗuwa. Fankar kowa tana jawo iska ciki ta bi ta lagireto, ta Baba kuwa waje take hurawa. A tsaye ba laifi, iska ko ta ina ta bi za ta sanyaya. Amma da zarar an taka, iskar titi na turowa ciki, fanka na turawa waje, su yi ta dambe a bakin raga, ruwa na tafasa a baya. An juya wayoyi biyu ne kawai, ja a wurin baƙi.

Ban shiga gida ba. Na hau Keke na tafi Jushi wurin wani mai gyaran wayar mota, rewaya kamar yadda ake ce musu, wanda ya fi kowa daɗewa a hannun Baba. Shi ma yanzu gemunsa ya yi fari. Na same shi yana cin rogo da ƙuli, na gaya masa abin da na gano, ina jiran ya yi salati. Ya gama taunawa, ya sha ruwa, ya ce, "Anti, tun ranar farko da kuka shigo layin nan na ji iskar a ƙafata."

"Ka ji? Sauran fa?"

"Kowa ya ji. Ai har taro muka yi."

Na ce, "Taro? Kuka bari aka fasa ƙwai a injin, aka zuba kuka, na yi ta zagaya fili da baya kamar mahaukaciya?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To wa zai faɗa masa? Ni da ya koya wa bambancin ja da baƙi da rankwashi? In buɗe baki in ce Baba ka juya waya? Gara in sha ruwan batir." Ya ƙara da cewa sun yi shawarar wani ya lallaɓa ya juya wayoyin a ɓoye, amma Baba ba ya barin motar ko na minti ɗaya, kuma duk wanda ya matsa kusa da fanka sai ya ji sanda a ƙafarsa.

Na faɗa masa maganganun da daga baya sai da na koma na ba shi haƙuri. Na fito raina a ɓace, amma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani daɗi da nake ji, ba zan ɓoye ba. Ni, 'yar makarantar boko da ake cewa ba ta san komai ba sai alli, na kama Baba da kuskure.

Na same su a tsakar gida, Inna na tsince shinkafa, Baba na kishingiɗe yana sauraron rediyo. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce ya fito ya ga abin da ya hana mu barci wata biyu. Suka biyo ni ƙofar gida. Na tsuguna a gaban mota, na zura hannu na ware salatif, na fizge wayoyin nan biyu na jawo su waje. Na ce, "Ga su nan, Baba. Ja da baƙi. Ko 'yan aji ɗaya na sun san wanne ke zuwa ina. Fankarka baya take hurawa, kuma duk Sabon Gari sun sani, kunyarka suke ji."

Baba ya matso. Ya jingine sandarsa, ya durƙusa a hankali har gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya karɓi wayoyin. Ya riƙe su a tafin hannu, ya kai su kusa da fuska, ya matsar, ya juya su wajen rana. Ya daɗe a haka. Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya yi magana ƙasa ƙasa, kuma ba da ni yake ba.

"Wanne ne jan?"

Inna ta ce, "Na hannun damanka, Malam." Ta faɗa ne da irin muryar da take cewa ga rami nan, ga akuya.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Duk abin da na yi wata biyu ina ji daga bakin Inna a kujerar gaba ya dawo mini, mai Keke a hagunka, rage, akwai yara. Inna ta dube ni, ita da ba ta kiran sunana saboda kunyar 'yar fari, ta ce, "Ke, ranar da ya ɗaura ta na tafi suna, ba kowa a gidan. Kwana huɗu da yi ya gane. Ya ce a bar ta haka, tunda mota mai zafi ba a tambayar direbanta me ya sa ba ya gudu." Ta mayar da tiren shinkafa ɗaya hannun ta ƙara da cewa, "Kuma ki sani, ba ta taɓa ƙona ni ba sai ranar da ke ce a sitiyari."

Ashe kanikawa sun sani suna ɓoye wa Baba, Baba ya sani yana ɓoye wa kanikawa, Inna ta san na kowa. Duk faɗin Samaru da Sabon Gari ni kaɗai ce nake neman abin da ke damun mota. Kuma ni ce na sa shi a tsaka mai wuya da yarjejeniyar Sallah, domin idan mota ta ci gaba da zafi za a sayar, idan ta warke kuma ba shi da sauran hujjar tafiya a hankali. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayin mutum ya haɗu da haushinsa haka ba. So nake in yi masa faɗan yadda ya yi ta yawo da ransa da na Inna da na mutanen titi, amma sai na miƙa masa salatif.

Ya haɗa wayoyin da laluben yatsa, ya murɗa, ya naɗe da salatif tsaf, aikin da ko mai ido huɗu ba zai fi shi ba. Ya sa aka kwance tiyon ƙasa, miyar nan ta zubo a ƙofar gida, kajin maƙwabta suka taru a kai. Aka ɗauraye lagireto sau uku aka cika shi da ruwa mai kyau. Ya ce in tayar. Ya cire hularsa ya kai gaban raga, fanka ta zuƙe ta ta manne.

"Mota ta warke?" Ya tambaye ni.

Na ce, "Ta warke, Baba."

"Ba za a sayar ba. Haka muka yi?"

"Haka muka yi."

"To kira ɗan'uwanki ki gaya masa." Ya ɓamɓare hularsa ya kaɗe ya mayar kai. Na zare makulli na miƙa masa, ya ture hannuna. Ya zagaya yana dafa jikin motar har ya kai ƙofar gefen direba, ya buɗe, ya ce wa Inna, "Ke kin yi ritaya, koma baya." Ya hau kujerar da ke kan injin ya gyara zama, ya ɗora sandarsa a cinya. "Akwai ƙwai na jira a Samaru, 'yar nan. Ja mu."

Daga baya mun kai shi wurin likitan ido, aka ba shi maganin ɗigawa, aka ce abin da ya rage za a yi ƙoƙarin riƙewa, wanda ya tafi kuwa ya tafi. Muka samo direba na ranakun aiki, wani mai haƙuri da ba ya musu, ni kuma nake ja ranar Asabar. Baba bai fasa fita ko rana ɗaya ba, kuma ba wanda ke zama a kujerar nan sai shi.

Amma a wannan ranar ta farko, muna tsaye a cunkoson Kwangila, farcena ya kai kan baƙin salatif ɗin da ke gaban sitiyari, na ɗaga gefensa. Allurar na nan da ranta, tana tsaye daidai tsakiya, ba abin da ya taɓa samunta. Hanya ta buɗe, na sa giya na taka sosai, iska ta shigo ta taga. Baba ya shimfiɗa tafin hannunsa a gefen kujera, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraro.

"Ruwan alwala ne," in ji shi. "Ƙara wuta."

Na mayar da salatif ɗin, na danne shi da babban yatsa har ya kama, na ce, "To, Baba. Idan ya zama kunu ka faɗa mini."